Ƙaramin Cukun Seu Belmiro

A tsaunukanmu na Minas, inda gajimare kan sauko ya kwanta a kwari har rana ta ɗaga, babu wanda zai buɗe baki ya ce maka Dona Zulmira ta fi kowa iya cuku. Mutanenmu ba su iya yabon maƙwabci yana raye ba. In baƙo ya tambayi inda zai sayi na tsaraba, sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, can wani ya nuna hanyar gidanta da haɓa.

Shekarunta sittin da uku, gajeriya ce mai faɗi, hannuwanta sun yi fari sun yi laushi har gwiwa kamar na wadda ta wuni tana wanki. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take tsaye a ɗakin cuku, babu Lahadi babu Kirsimeti, don saniya ba ta san hutu ba. Abin dariya kuma, ita ba ta cin cuku. Ta ce warinsa kaɗai ya ƙosar da ita tun tana yarinya. Da hanci take aikinta, da ido, da tafin hannu.

Kullum da safe mijinta, Seu Belmiro, zai tatso shanunsu tara ya kawo mata madarar da ɗuminta. Ta tace a ƙyalle, ta zuba abin daskarewa, ta zuba pingo, ta jira. In madarar ta kama sai ta yanyanka, ta ɗiba cikin mazubai ta yi ta dannawa da hannu, ta barbaɗa gishiri mai tsakuwa a kai, ta jera a tebur. Teburin yana da ɗan gangare da 'yar kwata a tsakiya, ruwan da ke fita daga cukun ya bi kwatar ya riƙa ɗiga cikin tasa. Ruwan nan shi ne pingo. Na jiya ake zubawa a madarar yau, na yau a ta gobe, kuma shi ke ba cukun kowane gida ɗanɗanon gidan. Nata daga kakarta ya fito, wadda ta hawo dutsen nan a kan alfadari tana rungume da shi a cikin wata koriyar kwalba. Tun daga ranar bai taɓa yankewa ba.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin cuku da ɗakin girki, saboda haka duk inda ta juya tana jin ɗigar. Ɗis. Ɗis. In ta zauna bayan abincin rana, gajimare na rarrafe ta bakin taga, takan lumshe ido ta yi ta saurare har ta manta shekarar da take ciki. Wani lokaci ta ji kamar mahaifiyarta ce a ɗakin tana juya cuku a kan kantocin katako, wani lokaci kakar ce ke jan silifa. Ba ta jin tsoro. Tana jin daɗin cewa ba ita kaɗai ba ce a gidan.

Ko yaya aka auna madara, sai an sami ragowar da ba ta cika mazubi ba. Da ita ake yin ƙaramin cuku, wanda bai wuce dunƙulen hannu ba. Manyan sai sun yi sati uku a kan kantocin, sun yi ɓawo sun yi rawaya, kafin su bar gidan. Ƙaramin ba ya jira. Washegari, yana fari tas yana tsattsafar ruwa, take ajiye wa Belmiro shi kusa da gahawarsa in ya dawo daga tatsa. Haka ake yi shekara arba'in da ɗaya, kuma a shekara arba'in da ɗayan nan bai taɓa yabawa ba. Zai yanka da 'yar wuƙarsa, ya tauna a hankali yana kallon rufin ɗaki kamar alƙali.

"Gishiri ya yi yawa."

"Bakinka ne ya tsufa."

"Na jiya ya fi."

"Jiya ma haka ka ce, tsohon banza. Miƙo in ba kare."

"Me karen ya yi miki?"

Sai ya cinye, ya lashe wuƙa. Wannan ne kaɗai hirar soyayyar da aka taɓa ji a gidan, kuma ta ishe su.

A watan da ruwan sama ya ɗauke, Faceira, baƙar saniyar da ta fi kowacce madara, ta tashi da gefen hantsarta ya yi zafi ya yi tauri. Madarar ba ta canza launi ba, sai 'yan gudaji da suka tsaya a ƙyalle. Zulmira ta sansana, ba ta ji komai ba. To nan ne gaskiyarta ta cuce ta. Ta ce ba za ta sa wannan a cukun sayarwa ba, mutane sun yarda da ita. Amma zubar da madara a ƙasa, a wajenmu cin mutuncin saniya ne, tsofaffi ma cewa suke hantsar kan bushe. Ga kuma tarbiyyar da ta tashi a ciki: cukun da ya tsage, ƙwan da ya fashe, duk abin da bai kai a sayar ba, a gida ake cinsa. Sai ta ware madarar Faceira ta yi ƙaramin cuku da ita, ta ajiye shi a ƙarshen teburin nan, yana ɗiga tare da sauran. Kwana uku ta yi haka.

Belmiro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, kaluluwa ta fito masa a wuya. Ya sha lemun tsami da zuma da ɗan barasar rake, kwana huɗu ya miƙe. Saniyar ma ta ji sauƙi da gashin ruwan ɗumi. Kowa ya manta.

Kwana goma sha biyu bayan haka ya shigo daga tatsa da wata fuska wadda ba tasa ba. Fatar idonsa ta cika, kumatu sun yi sulɓi, duk tamojin da ta sani sun ɓace.

"Kai, wa ya mare ka?"

"Barci na yi da yawa. Zuba min gahawa."

Ya zauna zai cire takalmin roba, takalmi ya ƙi fita. Ya ce kansa na sarawa. Da ta je gyaran ɗaki ta ga abin da ya ɓoye mata: ɗan fitsarin da ke cikin fo bai kai cikin ludayi ba, launinsa kamar gahawar da aka tsarma da ruwa, ga kumfa a kai. Ta ajiye fon ta fita neman mota. Kafin maƙwabcinsu Seu Tarcísio ya tayar da a-kori-kurarsa, hannunta ya yi abin da ya saba ba tare da ya tambaye ta ba: ta juye pingon ranar a koriyar kwalba, ta toshe, ta tura can ƙuryar firji a bayan tukunyar wake.

Tafiyar awa uku ce zuwa asibitin gari. Likitar, Ivonete, yarinya ce 'yar wani kwari can gaba da mu, kakarta ma cuku take yi. Da ta gama aune-aunenta ta jawo Zulmira baranda, ta zaunar da ita.

"Dona Zulmira, ya yi ciwon maƙogwaro kwanan baya?"

"Ya yi. Ai ya warke."

"Yana cin sabon cuku? Na ɗanyar madara?"

Likitar ta dubi hannuwan nan farare, ta gane amsar, ba ta ƙara tambaya ba.

"Kin san ƙyallen da kike tace madara? To kowace ƙoda tana da irinsa kusan miliyan, ƙanana, ido ba ya ganinsu. Kowane ɗaya ɗan ƙullin siraran jijiyoyi ne. Jini ya shiga, ruwa da gishiri da datti su wuce, jinin da abin amfaninsa su tsaya."

"Wato cutar ce ta cinye ƙyallen."

"A'a, Mama. Ita a maƙogwaro aka yi faɗa da ita, kuma jikinsa ne ya ci. Amma ɓarɓashinta ya bi jini ya zo ya maƙale a ƙyallen. Masu tsaron jiki kuwa sai da suka yi wajen kwana goma suna shiri. Suka biyo sawu, suka tarar da ɓarɓashin a can, suka manne masa suka dunƙule. Dunƙulen ya kira gudummawa, fararen ƙwayoyin jini suka taho a guje suna watsa abin da suke ƙona cuta da shi. Su ba su san wannan ɓarɓashi ne wancan ƙyalle ba."

"Wayyo Allah."

"Sai ƙyallen ya kumbura, zarensa ya yi kauri, ramukan suka toshe. Ruwa da gishiri suka rasa hanya, shi ne kumburin da hawan jinin. Wani wurin kuma ya yage, jini ya tsallake, shi ne launin da kika gani."

"Jikinsa ne ke dukan kansa ke nan."

"Garin kare shi."

"Zai buɗe?"

"A yara yawanci yakan washe da kansa. A mai shekara sittin da takwas, ba zan rantse miki ba. In kumburin ya sauka da wuri, ƙyallen ya buɗe. In ya daɗe sai ya zama tabo, tabo kuwa ba ya tacewa. Mu za mu rage masa ruwan, mu sauke jinin, in ta kama mu sa inji ya tace masa. Sauran jira ne." Ta nuna wata jakar roba da aka rataye a gefen gadonsa, da siririyar tiyo. "Wannan jakar ita za ta gaya mana."

Zulmira ta jawo kujera ta zauna a gaban jakar. In dai jiran ɗiga ne, babu wanda ya fi ta sanin yadda ake yi. Sai dai wannan ba ta ɗiga. A wuni guda a sami 'yan ɗigo masu duhu, su tsaya a bakin tiyo kamar suna shawara. Rana ta uku aka kai shi ga inji, jininsa ya fita ya zaga ya dawo. Belmiro da ba ya rasa abin kushewa ya kwanta shiru yana kallon silin, ko abincin asibiti bai kushe ba, kuma wannan ya fi komai ba ta tsoro.

Da la'asar, in zafin gari ya kwantar da ɗakin, gyangyaɗi kan ɗauke ta a kan kujerar. Sai ta ga kanta a wani ɗakin cuku mai faɗi wanda ba a ganin ƙarshensa, bangonsa ja, iskarsa da ɗumi. Mata ne jere, dubbai, kowacce riƙe da ɗan ƙyalle tana tace jan ruwa, duk gajeru masu faɗi, duk da fuskar kakarta. Can wasu maza suka ɓarko da gudu suna neman ɓarawo, suna tattake ƙyallayen, suna watsa ruwan zafi. Tana ce musu ɓarawon ya tafi tun tuni, ku fita, ku bar matan nan su yi aiki. Ba wanda ya ji ta. Ɗaya daga cikin matan ta ɗago ƙyallenta, ya yi kauri kamar bargo, ta miƙa mata ta ce, "Wa ya kawo madarar nan?" Nan take farkawa, ta dubi jakar, ta same ta yadda ta bar ta.

Rana ta biyar Tarcísio ya zo ya ce ma'aikatan lafiya na nemanta a gida. Sun gwada madarar shanun, sun sami ƙwayar a ta Faceira. Mutanen kirki ne, suka cire hula suka yi mata magana a hankali. Duk cukun da ya hau teburin nan tun ranar, a binne. Kantoci da tebur da mazubai, a wanke da magani. Ƙyallaye, a ƙone. Pingo kuma, tunda ruwan ƙaramin ya bi kwata ɗaya da na sauran, a zubar. Suka dubi tasar da ke ƙarƙashin teburin, ta bushe ƙayau, suka rubuta cewa babu saura. Ita ta raka su har bakin mota.

Da ƙurar motarsu ta kwanta, ta buɗe firji ta zura hannu bayan tukunyar wake. Kwalbar na nan. Babu wanda ya san da ita a duniya, ko Belmiro. Ta zauna a bakin ƙofa ta buɗe, ta kai hanci. Ƙamshin nan ne, tsami-tsami da ɗan zaƙi, ƙamshin gaban rigar mahaifiyarta. Lafiyarsa lau, in ji hancinta. Gishirinsa da tsaminsa ma sun isa su kashe kowace ƙwaya, in ji zuciyarta, kuma mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Sai ta tuna hancin nan ne ya ce madarar Faceira lafiya lau take.

Ta daɗe a zaune. Gajimare ya sauko ya rufe garken, ya rufe bishiyar gwaiba, har ta ji kamar gidan ya tashi yana yawo. Sannan ta miƙe ta je ramin da aka binne cukun, ta juye kwalbar a kan farar ƙasar da suka barbaɗa. Ba ta yi addu'a ba, ba ta nemi gafarar kowa ba. Abin da ya ba ta haushi shi ne ƙanƙantarsa, ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Ta koma cikin gidan, a karon farko a rayuwarta ta ji shi shiru, sai ta kasa zama, ta roƙi Tarcísio ya mayar da ita gari a ranar.

Rana ta tara da hantsi, tana zaune hannu a haɓa, ɗigo ɗaya ya sauko, wani ya biyo shi bai tsaya shawara ba. Ta ƙirga har arba'in. Ta kara jakar a hasken taga, ta ga duhun ya fara sakewa, ya koma kamar shayi. Ta tare wata nas a ƙofa.

"'Yata, zo ki gani. Ya buɗe."

"Sai an auna da yamma, Mama."

"Ke auna. Ni na gani."

Da yamma ma'auni ya yarda da ita. Likita Ivonete ta ce kumburin na sauka, amma ba duka ƙyallayen za su dawo ba, wasu sun riga sun zama tabo. Abin da ya rage zai riƙe shi, in an lallaɓa. Babu gishiri. Babu cukun ɗanyar madara, sabo ko tsoho, har iyakar rayuwarsa.

Bayan sati uku suka dawo gida. Ya rame, tamojinsa duk sun dawo har da ƙari, takalmin robar yanzu ya yi masa yawa a ƙafa. Tarcísio ne ke tatsa tukuna. Amma da safe, a daidai lokacin da ya saba, Belmiro ya fito ya zauna a mazauninsa, ya ciro 'yar wuƙarsa ya ajiye a tebur. Ya karkata kunne wajen bangon ɗakin cuku, ya ji shirun, bai tambaya ba.

Ita kuwa tun jiya ta tafasa madara har sau biyu, ta tsinke ta da lemun tsami, ta matse a sabon ƙyalle. Babu pingo, babu gishiri. Ta san abin da ta yi, ko ba ta ɗanɗana ba: wani farin abu ne mai ɗanɗanon jiƙaƙƙen tsumma. Ta ajiye masa kusa da gahawa, ta koma jikin murhu ta ba shi baya.

Ta ji ya yanka. Ta ji yana taunawa.

"Ya yi daɗi, Zulmira," in ji shi. "Ban taɓa cin mai daɗinsa ba."

Maganar ta soke ta fiye da duk abin da likita ta faɗa. Shekara arba'in da ɗaya tana jiran kalmar nan, ga ta ta zo, kuma tausayi ne ya kawo ta. Da murya irin wannan ake yi wa baƙo magana, ko mai laifin da aka rasa yadda za a yi da shi. Ta juyo, ludayi a hannu, idonta ya cika.

"Ni na ba ka shi. Madarar Faceira ce, na ware ta daga ta mutane na ba ka."

"Na sani. Wa ya tatso ta?"

"Na zubar da pingon Kaka."

"Shi ma na sani. Tun daga ƙofa na ji gidan shiru."

"To kada ka yi min haka, Belmiro. Kada ka yaba min."

Ya dube ta ya daɗe. Sannan ya sake yankar wani, ya sa a baki, ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki, yana taunawa a hankali.

"Gishiri ya yi yawa."

"Ko ƙwaya ɗaya babu a ciki, tsohon banza."

"To na jiya ya fi."

Ta juya wajen murhu tana share fuska da gefen zane, kafaɗunta na rawa, ita kanta ba ta san dariya take ko kuka ba. A bayanta ta ji ya cinye, ya lashe wuƙa.